Giyar Kwana Biyu da Ruwan Inabin Shekara Goma: Tarihin « Tsufa » a Abin Sha, daga Ƙasar Arewa zuwa Kudancin Amurka

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama aikin fassara daga Faransanci zuwa Hausa ya san akwai kalmomin da ƙamus kaɗai ba ya warware su, domin tarihin wata al'umma ne suke ɗauke da shi. Kalmomin masu sana'ar ruwan inabi suna cikin wannan rukuni: « assemblage », « élevage », « garde », « millésime », « dégustation ». Idan Bafaranshe ya ce ruwan inabi ya tsufa, yabo yake yi. Idan kuwa Ba'are na Kore Mairuwa ko na Tibiri ya ce giya ta kwana biyu a tukunya, to yana nufin ta kusa zama abin zubarwa.

Wannan ƙasida za ta bi sawun wannan bambanci. Za mu ɗora giyar gargajiya ta ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa da ke cikin gundumomin Dogondutsi da Tibiri, kusa da jan ruwan inabi na haɗi da ake yi a Cile da Ajantina. Mun zaɓi Kudancin Amurka ne saboda a can ana iya ganin, da shekaru da sunaye, lokacin da abin sha ya tashi daga wanda ake sha nan take ya koma wanda ake ajiyewa. Abin da muke son nunawa shi ne: darajar da ake ba tsufa ta samo asali daga mazubi, da hanya, da rubutu. Hukuncin Musulunci a kan kayan maye sananne ne ga kowa, kuma ba shi ne batunmu ba. Batunmu kalmomi ne da tarihinsu.

2. Giya a ƙasar Hausa

Hausa ba ta rasa sunaye ba a wannan fage. « Giya » ita ce kalma ta gaba ɗaya. « Burkutu » da « fito » na hatsi ko dawa ne. « Bammi » na bishiyar kwakwa ko tukurwa ne. « Barasa » ta fi karkata ga mai ƙarfi. « Inabi » kuwa aro ce daga Larabci, kuma sunan ɗan itacen ne kawai, shi ya sa masu fassara suka ƙera « ruwan inabi » don su ambaci abin shan.

Tsufan sana'ar ma ba a ɓoye yake ba. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa manyan mutanen da ke kewaye da dutsen Dala kafin zuwan Bagauda, kuma cikin su akwai maƙeri, da mai magani, da mai dafa giya. Ke nan mai giya yana da matsayi a tsarin gari kamar sauran masu sana'a. Da Musulunci ya kafu a birane, giya ta zama ɗaya daga cikin alamun da ake bambanta Musulmi da Bamaguje ko Azne da su. Aikin Joseph Greenberg na 1946 a kan Maguzawan Kano, da na Guy Nicolas na 1975 a kan kwarin Maraɗi, sun bayyana irin wannan zaman na gefe da gefe.

Ƙasar Arewa ta daɗe a cikin wannan tsari fiye da maƙwabtanta. Marc-Henri Piault, a littafinsa « Histoire Mawri » na 1970, ya nuna al'umma mai hawa biyu: Gubawa masu ƙasa da tsafi, da cibiyoyinsu a Lugu wajen Sarauniya da Bagaji wajen Baura, sa'an nan Arawa masu sarauta, waɗanda ke danganta kansu da Barno. Jihadin 1804 bai mayar da Arewa ƙarƙashin Sakkwato yadda ya mayar da Kano ko Katsina ba, kuma sai a ƙarni na 20, musamman rabinsa na biyu, Musulunci ya game ƙauyuka. A zaman Azna, giya abin taro ce: gayya, biki, zaman makoki, da hidimar kakanni. Mata ne ke dafa ta, kuma don wata rana da aka sani ake ɗora tukunya.

3. Dalilin da ya sa burkutu ba ya tsufa

Sai mu dubi yadda ake aikin, domin a nan amsar take. Ana jiƙa dawa ko hatsi, a shimfiɗa a rufe har ya yi tsiro, a shanya, a niƙa. Tsiron shi ne ke sa garin hatsi ya juye ya yi zaƙi. Ana dama shi da ruwa, a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake dafawa, a tace, a bari ya huce. Daga nan a zuba ɗan ragowar dahuwar da ta gabata don ya tashi. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ya yi kumfa, ya isa sha. Aikin duka yakan ci kamar mako guda.

Abu uku ne suka hana wannan abin sha daɗewa. Na farko, da ransa ake shan sa: ƙwayoyin da ke sa shi tashi suna nan suna aiki a cikin ƙwarya. Na biyu, ƙarfinsa kaɗan ne, galibi tsakanin kashi 2 zuwa 6 cikin 100, alhali jan ruwan inabi na Mendoza yakan kai 13 zuwa 15. Na uku, tukunya a buɗe take ga iska, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce digiri 40. Iska da zafi su ne abincin ƙwayoyin da ke mayar da giya ruwan tsami. Saboda haka rayuwar burkutu da sa'o'i ake ƙidaya ta: da safe zaƙi ya fi yawa, da rana ƙarfi ya hau, kashegari tsami ya rinjaya.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san darajar abin da ya daɗe ba. Karin magana ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ƴan goro suna da kalma ta musamman, « daushe », ga goron bara da aka adana cikin ganye ana duba shi ana tsince ruɓaɓɓe, kuma masu cin goro suna neman sa. « Tsimi » ma sai ya tsimu yake aiki. Ra'ayin yana nan a cikin harshe. Giya ce dai ba ta shiga cikinsa ba.

4. Kudancin Amurka: daga randa zuwa ganga

Mai karatu zai yi mamakin yadda farkon labarin Kudancin Amurka ya yi kama da namu. Kafin zuwan Sifaniyawa, mutanen tsaunukan Andes suna da « chicha », giyar masara mai tsiro, wadda mata ke dafawa a manyan tukwane don gayya da bauta, kuma ita ma kwanakinta kaɗan ne.

Sifaniyawa suka kawo kurangar inabi a tsakiyar ƙarni na 16, ta Feru zuwa Cile, daga Cile ta tsallaka tsauni zuwa yankin da aka kafa garin Mendoza a 1561. Irin da suka kawo shi ne wanda ake kira País a Cile, Criolla Chica a Ajantina. Ya karɓi ƙasar har Sarki Filibus na II ya ba da umurni a 1595 a taƙaita sabbin gonakin inabi a Amurka, don kare kasuwar Sifen, umurnin da ba a bi sosai ba. To amma wannan ruwan inabi na zamanin mallaka ba na ajiya ba ne. A randunan yumɓu ake yin sa, waɗanda ake kira « tinajas », a ɗura shi a tuluna da salkuna, a ɗora wa alfadarai da amalanken shanu. Tafiya daga Mendoza zuwa Buenos Aires ta fi kilomita 1000, tana cin fiye da wata guda cikin rana. Don kada ya lalace a hanya, sai a ƙara masa dafaffen ruwan inabi mai kauri, ko a tace shi ya zama barasa. Shekara wajen 300 aka yi a haka.

A Turai ma ajiya sabon abu ne. Sai a ƙarni na 17 aka samu kwalba mai ƙwari a Ingila, da aka fara narka gilashi da gawayin ƙasa, sa'an nan aka haɗa ta da marfin ɓawon itace mai hana iska. A ƙarshen ƙarni na 18 kwalba ta ɗauki siffar da ake iya kwantar da ita a jera. A 1855 aka jera manyan gidajen Bordo daraja daraja, a 1866 kuma Louis Pasteur ya buga bincikensa a kan ruwan inabi, inda ya bayyana aikin ƙwayoyin halitta da na iska wajen gyara shi da ɓata shi.

Wannan ilimi ne ya ƙetara teku a tsakiyar ƙarni na 19. A 1851 Silvestre Ochagavía ya shigo da irin inabin Faransa gonarsa kusa da Santiyago. A 1853 aka kafa makarantar noma a Mendoza, bisa shawarar Domingo Faustino Sarmiento, aka ɗora Bafaranshe Michel Aimé Pouget a kanta. Da shi ake danganta shigowar irin Malbec, wanda asalinsa yankin Cahors ne. Ba da daɗewa ba, daga 1863, ƙwaron « phylloxéra » ya fara cinye saiwar kurangar Faransa. Bai shiga Cile ba, don haka tsofaffin irin Bordo suka tsira a can. A 1885 jirgin ƙasa ya iso Mendoza, tafiyar wata ta koma ta kwana biyu, baƙi daga Italiya da Sifen suka kwararo. Abin lura ga mutumin Sahel shi ne ruwan saman Mendoza, kamar milimita 200 a shekara, bai kai rabin na Dogondutsi ba. Da narkakkiyar ƙanƙarar tsauni ake ban ruwa.

Duk da haka, yawancin ƙarni na 20 yawa aka sa gaba. Wajen 1970 ɗan Ajantina yana shan kimanin lita 90 a shekara, mafi yawansa mai araha. Sai da wannan kasuwa ta gida ta faɗi, masu gonaki suka juya ga kasuwar waje a shekarun 1980 da 1990, suka sayo gangunan itacen oak daga Faransa, suka fara haɗin da ake nufin ya daɗe. Seña ta fito da kakar 1995, haɗin gwiwar Eduardo Chadwick da Robert Mondavi. Almaviva, ta gidan Concha y Toro da gidan Baron Philippe de Rothschild, ta fara da kakar 1996. Cheval des Andes, mai haɗa Malbec da Cabernet Sauvignon, an kafa ta a 1999. A watan Janairu 2004, a wani zaman ɗanɗano a Balin inda aka rufe sunayen kwalabe, Viñedo Chadwick da Seña suka zo na ɗaya da na biyu, gaban Lafite da Margaux.

Akwai wani labari a nan da ya shafi masanin harshe kai tsaye. Fiye da shekara 100 manoman Cile suna noma wani iri suna kiran sa Merlot. A watan Nuwamba 1994 masanin kuranga Jean-Michel Boursiquot, daga Montpellier, ya duba ganye da fure a wata gona ta Viña Carmen, ya gane Carménère ne, irin Bordo da aka ɗauka ya kusa ɓacewa. Hukumar Cile ta amince da sunan a 1998. Kurangar ba ta sake ba, amma da suna ya sake sai lokacin girbinta, da matsayinta a cikin haɗi, da kuɗinta duk suka sake.

5. Abin da ke faruwa a ganga da kwalba

Haɗi yana nufin a tsima kowane iri daban, sa'an nan a ɗanɗana, a auna, a gauraya. Cabernet Sauvignon ke ba da ƙashi, wato bauri da tsamin da ke riƙe ruwan shekaru. Malbec ke ba da duhun launi da laushi. Carménère ke ba da wani ƙanshi mai kama da tattasai da yaji. Haɗin yakan zauna wata 12 zuwa 18 a ganga mai cin lita 225. Itacen yana barin iska ƴar kaɗan ta shiga, yana kuma ba da nasa ƙanshin. Daga nan sai kwalba, a kwance, cikin duhu, a sanyin digiri 12 zuwa 14.

Sinadarin da ke jan ragamar tsufa shi ne « tanin », wanda ke cikin ɓawo da ƙwallon inabi. Bahaushe ya san shi sarai: shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, kuma kalmar Faransancin ma daga ɓawon itacen jima ta fito. Abin da yake yi wa baki shi ne « bauri », irin na goro ko ɗanyar kanya. Da shekaru, ƙwayoyin tanin suna haɗuwa da juna da sinadarin launi, wasu su kwanta a gindin kwalba. Bauri ya ragu, launi ya tashi daga ja mai duhu zuwa jan bulo, ƙanshin ɗanyen ɗan itace ya koma na busasshe, da na fata, da na taba. Amma tsufa yana da iyaka. Mafi yawan ruwan inabin duniya an yi shi ne don a sha cikin ƴan shekaru kaɗan, kuma wanda ya wuce lokacinsa lami yake zama.

6. Hanya, doka da rubutu

Mu koma Arewa. A daidai shekarun da jirgin ƙasa ke buɗe Mendoza, Turawa suna tsara dokar abin sha a Afirka. Yarjejeniyar Burusel ta 1890 ta kafa yankin taƙaita barasa tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu, ta Saint-Germain-en-Laye ta 1919 ta ƙara tsananta ta. Barasar da ake tacewa da wuta suka nufa. Ruwan inabi, wanda Faransa da Aljeriya ke sayarwa, bai shiga haramcin ba. Ita kuwa Arewa, bayan artabun Lugu da rundunar Voulet da Chanoine a Afrilu 1899, ta zauna cikin rabon Ingila bisa yarjejeniyar 1898, sai yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka mayar da ita hannun Faransa.

Ruwan inabi ya shigo Nijar a matsayin abin shan kumandan, da soja, da ƴan mishan, daga baya wasu ma'aikata. Bayan mulkin kai aka kafa kamfanin Braniger a Yamai a 1967, giyar kwalba ta bi babbar hanyar da ta ratsa Doso, Kore Mairuwa da Dogondutsi. Kwalba tana da suna, da tambari, da haraji, saboda haka tana da takardu a ma'ajiyar tarihi. Burkutu ba ya iya tafiyar da ta wuce yini, ba shi da tambari, kuma rahotannin mulkin mallaka sun taƙaita shi da « bière de mil » ko « dolo », kalmar da aka aro daga Bambaranci, ba tare da bambanta hatsi da dawa ba.

Sa'an nan matsayinsa a cikin jama'a ya yi ta raguwa. Adeline Masquelier, a littattafanta na 2001 da 2009 a kan Dogondutsi, ta bayyana yadda salla ta maye gurbin hidimar iskoki, da yadda wa'azin gyara irin na Izala ya shigo garin a farkon shekarun 1990. A ƙetaren iyaka, jihohin Sakkwato da Kabi sun kafa shari'a a 2000. Sana'ar da ta zama abin kunya ba a koya wa ɗiya ita a fili, kuma kalmominta tare da ita suke tafiya.

7. Kalmomin ɗanɗano da shawarwarin fassara

Harshen masu ɗanɗana ruwan inabi ya samu masu rubuta shi. Émile Peynaud ya buga « Le Goût du vin » a 1980. Ann Noble ta jami'ar Kalifoniya ta tsara da'irar kalmomin ƙanshi a 1984. Masaniyar harshe Adrienne Lehrer, a littafinta na 1983, ta gwada masu sha, ta gano sau da yawa mutum ba ya iya gane ruwan inabi daga bayanin da wani ya yi masa. Ke nan yawan kalmomi ba shi ne kaifin harshe ba. Makaranta ce da yarjejeniya.

Hausa tana da nata tsari. F. W. Parsons ya nuna a 1955 cewa sunayen abin da gaɓoɓi ke ji rukuni guda ne a nahawu: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama sama, ƙarshe da wasalin i mai tsawo. Cikin su akwai zaƙi, ɗaci, tsami, bauri, gardi, yami, ƙanshi, kauri, kaifi, laushi, nauyi da ƙarfi. Daga gare su ake fitar da sifa (zazzaƙa, tsattsama, kakkaura) da aikatau (zaƙaƙa, ƙarfafa, tausasa daga taushi). Inda Faransanci ke buƙatar kalmar masana, « astringence », Hausa tana da « bauri » a bakin kowane yaro.

Bisa wannan muke ba da shawarwari kamar haka. « Dégustation » ta zama « ɗanɗano ». « Assemblage » ta zama « haɗi », domin aiki ne na gwaninta, kamar haɗin turare. « Coupage », wato ƙara wa rarrauna mai ƙarfi kamar yadda aka riƙa yi da ruwan inabin Aljeriya a kudancin Faransa a shekarun 1930, ta zama « surki ». In da ha'inci a ciki, « algus ». « Élevage », wadda asalinta kiwon dabba ne, « reno » ya fi dacewa da ita, tun da lura ce da abu har ya kai. « Garde » ta zama « ajiya », « millésime » kuma « kaka », kamar yadda muke cewa hatsin kakar bara. « Vieillissement » ce mai wuya. « Tsufa » a kan abinci tana jawo tunanin lalacewa. « Tsimuwa » ta fi kusa da ma'anar, domin ta ƙunshi daɗewa mai ƙara amfani.

8. Kammalawa

Mun ga cewa ruwan inabin Kudancin Amurka ya yi ƙarni uku a randa kafin ganga, kwalba, jirgin ƙasa da kasuwar waje su ba shi shekaru, kuma rubutu ne ya ba shekarun nan suna. Giyar Arewa ta tsaya a tukunya, ga zafi, ga sauyin addini, ba ta samu mai rubuta ta ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da Abraham na 1949 sun fi dogara ga Hausar Nijeriya, Arewanci kuwa rabonsa kaɗan ne a cikin su.

Aikin da ke gabanmu a fili yake. Tsofaffin matan da suka ga dahuwar giya a gidajen iyayensu, a ƙauyukan Kore Mairuwa, Tibiri, Matankari da Lugu, su ne ke riƙe da sunan kowane mataki, da kowace tukunya, da kowane ɗanɗano daga safiya zuwa dare. Ya kamata ɗalibanmu masu neman batun digiri su ɗauki wannan fage tare da na daddawa, da jima, da rini, domin mai bincike ya samu shiga ba tare da ya kunyata kowa ba, a kuma sakaya sunan duk wadda ta yi magana. Rubuta kalma ba halatta abin da take nufi ba ne. Malaman fiƙihu da kansu sun tsare sunayen abubuwan sha na Larabawa dalla dalla, don su san a kan me hukunci ya hau. Idan muka jinkirta shekara 20, za mu iya fassara kalmomin Mendoza zuwa Hausa, amma ba za mu samu wanda zai gaya mana na Arewa ba.